Su wa ke rubuta labaran da ke shigowa wayoyin mutanen Arewa, kuma a ina suka koyi aikin?

A Ɗan Kassari, kamar sauran garuruwan da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, labari ya daina jiran lokacin da rediyo zai karanta shi. Kafin direba ya sauke fasinja a tasha, saƙon murya ya riga shi isowa ta WhatsApp: farashin hatsi a wata kasuwa, batun iyakar Najeriya, ko wani hari da aka ce an kai. Wani saƙon gaskiya ne, wani tsohon labari ne aka sake masa riga, wani kuma ƙirƙira ce tsagwaronta.

Wannan ya sa tambayar ko wane ne ɗan jarida ta shafi manomi da ɗan kasuwa kamar yadda ta shafi ɗalibin da ya samu Bac yana neman abin da zai karanta. Idan aka dubi tarihin waɗanda suka yi suna a aikin jarida ta intanet a Nijar da maƙwabta, za a ga ba ƙofa ɗaya suka shigo ta ba. Akwai aƙalla hanyoyi huɗu.

Hanyar makarantar koyon aikin jarida

Hanyar da aka fi sani ita ce ta makaranta. A Yamai, tun 1977 aka buɗe cibiyar horar da ma'aikatan watsa labarai, wadda a 1989 ta zama IFTIC, kuma yanzu ake kiranta ESSCOM. Daga nan ne da yawa daga cikin ma'aikatan Muryar Sahel, da Télé Sahel, da jaridar Le Sahel suka fito, haka ma na gidajen rediyo masu zaman kansu da suka fara bayyana daga 1994. Wasu sun ƙaro ilimi a CESTI ta birnin Dakar, wadda ke horar da 'yan jaridar ƙasashen da ke aiki da Faransanci tun 1965. A ɓangaren Najeriya kuma, Jami'ar Bayero ta Kano ta yaye ɗimbin waɗanda ake jin muryoyinsu a sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare.

Abin da ake koya a irin waɗannan makarantu bai canza ba don an koma intanet. Ana koya wa ɗalibi ya amsa tambayoyin wa, me, ina, yaushe, da kuma yaya. Ana koya masa kada ya dogara da majiya ɗaya, ya nemi jin ta bakin wanda ake zargi, ya kuma raba abin da ya gani da abin da yake tsammani. Abin da ya ƙaru shi ne ɗaukar hoto da bidiyo da waya, da tace murya a kwamfuta, da rubutu gajere wanda zai shiga fuskar salula.

Hanyar tsohuwar jarida da rediyo

Mafi yawan waɗanda ake kira ƙwararru a yau sun fara ne da takarda ko makirufo, intanet ta same su a kan aiki. Moussa Aksar misali ne. Ya kafa jaridar L'Événement a 2002 tana fita a takarda, daga baya aikinta ya koma shafin intanet. Ya shiga ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya, ICIJ, ya kuma shugabanci CENOZO, cibiyar binciken jarida ta yammacin Afirka da aka sa wa sunan Norbert Zongo, ɗan jaridar Burkina Faso da aka kashe a 1998. A watan Satumban 2020, yana cikin waɗanda suka yi aiki a kan takardun bankuna da aka sani da FinCEN Files, inda ya bi sawun kuɗaɗen kwangilolin sayen kayan soja na Nijar. Irin wannan bincike yana buƙatar haƙurin karanta takardu na watanni, da sanin yadda ake ɓoye saƙo tsakanin abokan aiki da ke ƙasashe daban-daban.

A Kano, Jaafar Jaafar ya yi aiki da jaridar Daily Trust kafin ya kafa Daily Nigerian a 2016, jaridar da ba ta da bugun takarda. A watan Oktoban 2018 ta wallafa bidiyon da aka ce ya nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli, zargin da gwamnan ya musanta. A 2021 Jaafar ya bar Najeriya zuwa Birtaniya bayan ya ce ana barazana ga rayuwarsa.

Haka abin yake a manyan gidajen rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI kuma a 2007. Dukkansu sun buɗe shafukan intanet, kuma waɗanda suka fara riƙe shafukan ma'aikatan rediyo ne da suka koyi sabon aikin suna cikin yin tsohon.

Hanyar alli da allo

Akwai wata tsohuwar alaƙa tsakanin koyarwa da aikin jarida a ƙasar Hausa. Abubakar Imam, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo lokacin da ta fara fita a Zariya a 1939, malamin makaranta ne a Katsina kafin nan. Fiye da shekara 60 bayan haka, a Agadas, wani malamin makaranta, Ibrahim Manzo Diallo, ya kafa jaridar Aïr Info a 2002. Jaridar ta samu shafin intanet, ta haɗu da rediyon Sahara FM, har ta zama inda kafofin duniya ke leƙawa idan suna neman labarin arewacin Nijar, musamman kan 'yan ci-rani da tsaro. Aikin ya jawo masa tsarewa daga watan Oktoban 2007 zuwa Fabrairun 2008, lokacin tawayen arewa.

Darasin Aïr Info ya fi kusa da halin da Arewa ke ciki. Nisan kilomita kusan 1,000 daga Yamai bai hana ta samun masu karatu ba, domin tana da abin da jaridun babban birni ba su da shi: mutanen da suka san gari, suka san yarensa, suka kuma san wanda za a kira idan abu ya faru. Malami yana da wata baiwar kuma, ta iya warware abu mai sarƙaƙiya ga wanda bai taɓa jin sa ba.

Rediyon karkara ma makaranta ce irin wannan. Tun da aka buɗe na farko a Bankilare a 1999, gidajen rediyon al'umma sun yaɗu a faɗin ƙasa, kuma masu gabatar da shirye-shirye a cikinsu galibi 'yan garin ne da ba su taɓa shiga ajin koyon jarida ba. Studio Kalangou, da gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwizalan ta buɗe a Yamai a 2016, tana shirya labarai da Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek, tana aika wa gidajen rediyon da ke ƙawance da ita, tana kuma sa su a intanet. Ta wannan hanya wakilin da ke ƙauye kan samu edita a Yamai da zai tambaye shi inda ya samo labari.

Hanyar kafofin sada zumunta da kwamfuta

Hanya ta huɗu ita ce sabuwa. Samira Sabou ta yi aiki a ONEP, hukumar da ke buga Le Sahel, amma shafinta na Facebook ne ya sa aka san ta a ciki da wajen ƙasa. Ta shugabanci ABCA, ƙungiyar marubutan intanet ta Nijar. A 2021 ƙungiyar Index on Censorship ta Landan ta ba ta lambar yabo, a 2024 kuma kwamitin kare 'yan jarida na CPJ da ke Amurka ya karrama ta.

A wasu ƙasashen, waɗanda suka kawo sauyi ba su ma karanci jarida ba. Omoyele Sowore, wanda ya kafa Sahara Reporters a 2006 yana zaune a Amurka, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Legas. A Kenya, lokacin rikicin bayan zaɓe a farkon 2008, wata lauya, Ory Okolloh, ta haɗu da masana kwamfuta suka ƙirƙiro Ushahidi, manhajar da ke tattara saƙonnin jama'a tana nuna a taswira inda ake tashin hankali.

Daga wannan haɗuwa ta jarida da kwamfuta ne aka samu sabuwar sana'a, ta masu tantance labari. Africa Check ta fara a Afirka ta Kudu a 2012, Dubawa kuma a Najeriya a 2018. Aikin ma'aikatansu shi ne su ɗauki hoton da ke yawo su nemo ranar da aka fara sa shi a intanet, su duba lambar mota ko rubutun allon shago don gane garin da aka ɗauki bidiyo, su kuma kwatanta alƙaluman da ɗan siyasa ya faɗa da na hukumar ƙididdiga. Ga matasan jihar Dosso, wannan fannin bai yi nisa ba, tun da Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014 ta karkata ne ga fasahar sadarwa ta zamani.

Ilimin da kowa ke buƙata: doka

Ko ta wace hanya mutum ya shigo, akwai darasin da ba ya tsallakuwa. A 2010 Nijar ta soke hukuncin ɗauri kan laifuffukan aikin jarida. Sai dai dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta buɗe wata ƙofar, domin ita ba ta tambayar ko mutum yana da katin ɗan jarida.

A ƙarƙashinta ne aka tsare Samira Sabou daga ranar 10 ga Yuni zuwa 28 ga Yulin 2020, bayan ƙarar ɓata suna da ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya shigar, kafin kotu ta sallame ta. A watan Janairun 2022, kotu a Yamai ta yanke mata ɗaurin wata 1 na jeka-ka-gyara-halinka da tarar jika 50, Moussa Aksar kuma wata 2 da tarar jika 100. Abin lura shi ne ba su ne suka rubuta rahoton da ya jawo shari'ar ba. Wata cibiya ce a Geneva ta wallafa shi kan fataucin miyagun ƙwayoyi, hukuma ta musanta abin da ya ƙunsa, su kuma sun sake yaɗa shi.

A 2022 an gyara dokar, aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna. A watan Yunin 2024 hukumomi suka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi ta intanet, da shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a, ko da abin da aka yaɗa gaskiya ne, ban da tarar da ke iya kaiwa miliyan 5 na sefa. Wannan ya shafi wanda ya danna "tura" a zauren WhatsApp na 'yan unguwa kamar yadda ya shafi editan jarida.

Yadda mai karatu zai auna

Takardar shaidar karatu ita kaɗai ba ta raba ƙwararre da ɗan ta-more. Abin da ya haɗa duk waɗanda aka ambata shi ne suna sa sunansu a kan abin da suka rubuta, ana sanin inda za a same su, kuma idan an kai su kotu suna da takardun da za su nuna. Mai karatu a Ɗan Kassari ko Tibiri zai iya yi wa kowane saƙo tambayoyi kaɗan kafin ya tura shi gaba. Wa ya faɗa, da sunansa? Yaushe abin ya faru, kuma a wane gari? An ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Shafin ya taɓa fitowa ya ce ya yi kuskure? Saƙon da ya fara da "an ce" ya ƙare da "a tura wa kowa" bai amsa ko ɗaya ba.

Ga mai son shiga aikin kuma, tarihin waɗannan mutane ya nuna cewa kusan kowannensu ya yi shekaru yana koyo a wani wuri, aji ne ko ɗakin labarai, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Rediyon al'umma mafi kusa wuri ne na farawa. Iya rubuta Hausa daidai, da ƙa'idojinta, jari ne, domin masu iya magana a makirufo sun fi masu iya rubutu yawa nesa ba kusa ba. Batun abinci kuma sai an yi shiri: talla a shafukan labarai ba ta da yawa a Nijar, shi ya sa da dama ke haɗa aikin da wakilcin wata kafa, ko fassara, ko koyarwa. Wanda bai tanadi wannan ba, shi ne ambulan ɗin masu taro ke saurin saye.

Yankin na da labaran da ke jiran mai ba da su. A garin Lugu, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, Sarauniya Mangu ta tari sojojin Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Mutanen Arewa sun riƙe labarin a baka, amma sai a 1980, da Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa da Faransanci, da kuma 1986 da Med Hondo ya mai da shi fim, sannan duniya ta ji shi sosai. Yau labarin rijiyar da ta ƙafe, ko ajin zana da iska ta kwashe, ko farashin wake bayan kaka, zai iya fita daga Lugu ya isa Yamai cikin minti ɗaya. Abin da ya rage shi ne a samu ɗan garin da ya koyi tantance shi kafin ya aika, ya kuma yarda ya sa sunansa a ƙasa.