Jirage Uku da Suka Buɗe Hanyar Sama Zuwa Kano

Ranar 27 ga Oktoba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka nufo Kano. A wancan zamani fataken Fakku da Tambuwal sai sun yi kwana da kwanaki da jakunansu kafin su hango ganuwar birnin. Madugun wannan ayari na sama, Arthur Coningham, shekarunsa 30 a duniya.

Jiragen samfurin DH.9A ne, ragowar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fukafukansu hawa biyu ne, gangar jikinsu katako, fukafukan kuma an lulluɓe su da yadi. Kowanne mutum biyu yake ɗauka, kawunansu a waje, rana na dukansu, ƙura na shiga musu ido. Inji ɗaya ne tak. In ya mutu a tsakiyar daji, sai dai matuƙi ya nemi fili ya dira, shi da abokin tafiyarsa su zage damtse su gyara da hannunsu. Taswira da kamfas ne jagoransu.

Suka bi Kogin Nilu har Khartum, suka juya yamma ta El Obeid da El Fashir, suka ratsa ƙasar Cadi zuwa Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, sannan Maiduguri. Kusan hanyar da alhazanmu ke bi a ƙafa a wancan zamani ke nan zuwa Makka, tafiyar da kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, a zamanin Sarki Usman ɗan Abdullahi. Daga nan suka leƙa Kaduna, suka koma Masar lafiya, jiragen nan uku cif.

Abin mamakin yana gaba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, kai kayan yaƙi Masar ya yi wuya. Sai aka tuna da tsohuwar hanyar. Daga 1940 aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Khartum, har Alƙahira. Sama da jirage 5,000 suka bi ta nan. A 1941 kuwa, wanda aka ɗora bisa rundunar saman da ke yaƙi a hamadar Masar da Libiya, mai jiran waɗannan jirage ido rufe, shi ne Coningham. Hanyar da ya share da ƙuruciya ita ta ciyar da rundunarsa da ya girma. Ƙarshensa ma a sama ya zo: a Janairun 1948 jirgin fasinja Star Tiger ya ɓace da shi kusa da tsibirin Bamuda, ba a ga ko ɓurɓushinsa ba.

Kano kuwa ta riƙe abin da ta samu. A 1936 kamfanin jiragen sama na Imperial Airways ya fara jigila daga Khartum, daga baya kamfanonin BOAC da KLM suka mayar da ita zangon hutu tsakanin Turai da kudancin Afirka. A shekarun 1950 har akwai mai raƙumi a filin jirgin da ke busa kakaki idan jirgi zai sauka.

Duk wannan bai yiwu ba sai da hannun mutanen ƙasa: masu sare ƙaya su share fili, masu dakon mai, masu gadi, masu kora dabbobi. Alhajin da ya tashi yau daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya isa Jidda cikin 'yan sa'o'i, yana cin gumin waɗannan bayin Allah ne, kuma sun cancanci ya sa su cikin addu'arsa.