Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara karatun likita

Sunanka ya fito a jerin waɗanda jami'a ta ɗauka karatun likita. An yi murna a gida, ƙanne sun fara kiranka Dakta, wataƙila ma wata gwaggo ta riga ta kawo maka kukan ciwon gwiwarta. Ka karɓi barka da hannu biyu, domin dubban ɗalibai sun nemi gurbin nan ba su samu ba. Sai dai takardar da ke hannunka izinin shiga aji ɗaya ce kawai. A yawancin jami'o'in Najeriya akwai wani tankaɗe da rairaya a ƙarshen wannan shekarar kafin a ce ka zama ɗalibin likita sosai. Bayanin da ke tafe na jami'o'in Najeriya ne, kuma ya shafi mace da namiji, ko da yake da "ka" zan yi ta magana.

Shekara nawa zan yi?

Shida, idan ta jarrabawar JAMB ka shigo. Biyar, idan an ɗauke ka kai tsaye zuwa aji biyu da sakamakon IJMB ko JUPEB ko wani digiri da ka riga ka yi. Digirin da za a ba ka sunansa MBBS, wato ilimin magani da na tiyata a haɗe. Wannan lissafin kan takarda ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, don haka kada ka yi wa kowa alƙawarin ranar gamawa, musamman idan maganar aure ce.

Aji ɗaya yawancinsa kimiyya ce. Aji biyu da uku na sanin jikin ɗan Adam ne lokacin da yake lafiya. Daga aji huɗu zuwa shida za ka koma asibitin koyarwa, inda ake koyon cututtuka da magunguna da duba marasa lafiya: ɗalibin Jami'ar Bayero ya nufi Asibitin Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello ya nufi asibitinta da ke Shika, haka na Sakkwato da Maiduguri da Jos kowa da nasa. Bayan digiri akwai shekara guda ta aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, ana biyanka albashi, kafin a ba ka cikakken lasisi. Sannan hidimar ƙasa.

Gurbin nawa ya tabbata kuwa?

Abu biyu za ka duba kafin mahaifinka ya biya ko kwabo. Na farko shi ne shafin JAMB da ake kira CAPS, inda ake tabbatar da duk wanda aka ɗauka. Ka shiga da kanka ka ga cewa likitanci aka rubuta maka, ka danna karɓa, ka buga takardar. Gurbin da bai bi ta nan ba, ko wane ne ya yi maka hanyarsa, hukuma ba ta san da shi ba.

Na biyu shi ne MDCN, majalisar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori a ƙasar nan. Ita ke tantance makarantun likita, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta horar, ita kuma za ta ba ka lasisi a ƙarshe. Amincewar hukumar jami'o'i ta ƙasa daban, tata daban. Idan jami'arka sabuwa ce a harkar, ka bincika ko tana cikin jerin da majalisar ta amince da su, kuma zuwa wane mataki. An sha ganin ɗalibai sun gama aji uku sun maƙale shekaru, saboda makarantarsu ba ta sami izinin koyarwar asibiti ba.

Sai takardu. Ana neman kiredit a Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna so a ce a zama ɗaya ka ci su. Ka jera sakamakonka na WAEC ko NECO da takardar JAMB da katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, ka duba sunanka harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, abu ne da ke iya riƙe ka makonni wajen tantancewa. Gyara shi yanzu ya fi sauƙi.

Me za a koya mini a aji ɗaya?

A nan ne da yawa suke jin an yaudare su. Ba asibiti, ba marar lafiya, ba ko allura. Fizis ne da kemistiri da bayoloji da lissafi da darussan bai-ɗaya irin su Turanci, a babban ɗakin lakca tare da ɗaruruwan ɗaliban wasu kwasa-kwasan. Wanda bai sammaka ba a tsaye zai ji darasi, ko ta taga.

Da yake darussan sun yi kama da na sakandare, sai ɗalibi ya saki jiki. Ga inda matsalar take. A kwasa-kwasai da yawa maki 40 ya isa a ce ka ci, amma mai son wucewa aji biyu na likitanci galibi 50 ake nema daga gare shi a kowane darasin kimiyya, wasu makarantun kuma su ƙara da wani matsakaicin maki da dole ya kai. Kowace jami'a da dokarta. Dalili shi ne sau da yawa waɗanda aka ɗauka aji ɗaya sun fi kujerun da majalisar likitoci ta yarda da su a gaba. Wanda bai kai ba sai a mayar da shi wani kwas. Don haka a makonka na farko ka nemi littafin dokokin tsangayar, ka karanta sharuɗɗan wucewa da idonka. Kada ka dogara da "an ce".

A ganina fizis da lissafi su ne suka fi kayar da masu son likitanci, domin yawancinsu bayoloji suke ƙauna, haddace waɗancan kawai suka yi don JAMB. Idan ka san kana da rauni a nan, to ka san inda hutun da ya rage maka zai tafi.

Aji biyu fa, me ya sa ake tsoronsa?

Darussa uku ne kacal, amma kowanne teku ne. Anatomi shi ne sanin ginin jiki: ƙashi, tsoka, jijiya, hanyar jini, ina kowanne yake kuma me ke maƙwabtaka da shi. A cikinsa akwai histoloji, wato duba naman jiki da madubin ƙara girma, da embiriyoloji, wato yadda ɗa ke tsiruwa a mahaifa tun daga ƙwai. Fisiyoloji shi ne yadda gaɓoɓin ke aiki: me ke sa zuciya ta buga, yaya ƙoda ke tace jini. Bayokemistiri kuwa sinadaran da ke cikin jiki ne, misali yadda tuwon da ka ci yake komawa ƙarfi.

Wahalar ba ta zurfin tunani ba ce sosai, ta yawa ce. Jikin babban mutum yana da ƙashi 206, kuma ba sunayensu kaɗai za ka sani ba. Kowane ƙashi yana da tudu da kwari da rami, kowanne da sunansa na Latin ko Girkanci, da tsokar da ta kama a wurin, da jijiyar da ke motsa tsokar. Abin da za a koyar a mako guda zai iya kai na zango guda a sakandare.

Bayan kimanin shekara ɗaya da rabi sai babbar jarrabawar ƙwararru ta farko. Akwai ta rubutu. Akwai ta gwaji, inda ake jera gaɓoɓi da madubai a kan tebura, a kaɗa ƙararrawa ka matsa gaba ko ka gama amsawa ko ba ka gama ba. Akwai ta baka, gaba da gaba da farfesoshi, har da waɗanda aka gayyato daga wasu jami'o'in. Makin ci 50 ne, kuma a wasu makarantun amsar da ba daidai ba tana rage maka maki, don haka canki-canki ba riba.

Gaskiya ne za mu yanka gawa?

Gaskiya ne, a aji biyu. Gawarwakin an adana su da wani sinadari mai suna fomalin, wanda ke hana ruɓewa. Warinsa yana sa hawaye da yajin hanci, kuma yana bin riga. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da gawarsa, a riƙa buɗe ta sashe-sashe har watanni. Ranar farko wasu jiri ke ɗibarsu, wasu su ƙaurace wa nama na kwanaki. Ba abin kunya ba ne, kuma yakan wuce. Ka ci abinci kafin ka shiga, domin yunwa da fomalin ba sa jituwa.

Idan zuciyarka tana tambayar hukuncin addini, ba kai ka fara ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta duba mas'alar a 1987, ta halatta buɗe gawa don koyon likitanci bisa sharuɗɗa, ciki har da tsayawa iya buƙata da binne abin da ya rage. Maganar alwala da tsarkin tufafi kuwa ka kai wa malaminka tun kafin ranar. Abin da ke wuyanka shi ne ladabi. Wanda ke kwance a teburin nan ɗan wasu ne. Ba a wasa da shi, ba a ɗaukar hotonsa, balle a sa a Facebook ko TikTok.

To me zan karanta kafin a buɗe makaranta?

Kada ka sayi Guyton, babban littafin fisiyoloji, ka zauna kana fama da shi tun yanzu. Ba za ka riƙe komai ba, sai dai ka tsorata kanka. Ka koma kan fizis da kemistirin sakandare har ka fahimce su. Ka ƙarfafa Turancinka ta hanyar karanta dogon rubutu kullum, domin da shi za ka yi jarrabawar baka. Hausarka kuma ka riƙe ta da kyau: a asibitin Kano ko Zariya yawancin marasa lafiya da ita za su faɗa maka ciwonsu, kuma za ka ga abokan karatunka daga kudu suna neman ka yi musu tafinta.

Abin da ya fi muhimmanci ka koya shi ne yadda ake karatu. Mai kaifin ƙwaƙwalwa yakan ci sakandare da karatun daren jarrabawa, kuma irin waɗannan su ne suka cika ajin likita, shi ya sa faɗuwar farko take gigita su. Idan ka taɓa hadda a Islamiyya ka riga ka san sirrin: sabon karatu kullum, tilawar na baya kullum, in ka bar ta kwana biyu ta gudu. Haka za ka yi da anatomi. Abin da aka koyar yau ka duba shi yau, ka sake bayan kwana biyu ko uku, ka sake bayan mako. Kuma maimaita kallon shafi ba karatu ba ne. Rufe littafin, ka zana hanyar jijiyar a takarda daga ka, ko ka bayyana wa aboki da baki, sannan ka buɗe ka ga abin da ya tsere maka. Akwai manhaja mai suna Anki da ke tsara irin wannan maimaici, amma ƙananan katunan kwali ma suna yin aikin.

Ka nemi mutum biyu ko uku masu himma ku riƙa bita tare, ka kuma kama ƙafa da wani na gaba da kai a aji. Shi zai ba ka tsofaffin tambayoyi, ya faɗa maka littafin da malamanku suka fi bi.

Nawa za a kashe?

Jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara kuɗin rajista a 2023, kuma na likitanci yana cikin mafi tsada a kowace. Masu zaman kansu kuwa miliyoyi ne a shekara. Adadin yana canzawa, don haka ka ɗauko shi daga shafin jami'arka, ka biya ta hanyar da ta shimfiɗa kaɗai. Ka zauna da iyayenka ku yi lissafin shekara shida zuwa bakwai har da ɗaki da abinci da mota da data, domin wannan karatu ba ya barin sararin neman kuɗi sosai, musamman daga aji biyu.

Ɗaliban makarantun gwamnati suna iya neman bashin karatu daga NELFUND, asusun da aka kafa da dokar 2024. Ba shi da ruwa, yana biyan kuɗin makaranta, da naira 20,000 a wata ga wanda ya nemi na kashewa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Ka leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharka ma. Wasu jihohin suna ɗaukar nauyin ɗaliban likita bisa yarjejeniyar za su yi musu aiki bayan sun gama. Ka karanta yawan shekarun kafin ka sa hannu.

Kayan aiki kada ka yi gaggawa. Farar riga ta ɗakin gwaji za ka buƙata tun aji ɗaya. Safar hannu da kayan fiɗa sai aji biyu. Abin sauraren ƙirji da ake ratayawa a wuya, wanda kowa ke ɗokin saye, zai iya jira. Manyan littattafai akwai su a laburare da hannun na gaba da kai. Waya mai kyau ko kwamfuta, da fitila mai caji, sun fi su gaggawa.

Abu guda da ya kamata ka kashe wa kuɗi da wuri shi ne rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda ake ɗauka ta jini kuma ya yaɗu a ƙasar nan. A fara gwada ka, sannan allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata guda, ta uku a wata na shida.

Idan na faɗi fa?

Ana faɗuwa, har da waɗanda suka zo da makin JAMB mafi yawa. A jarrabawar ƙwararru, wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu yawanci ana ba shi damar sake rubutawa bayan 'yan watanni. Idan bai ci ba, ko ya faɗi duka tun farko, sai ya maimaita shekara. Akwai iyakar sau nawa za a bari ya gwada, bayan nan a sallame shi daga kwas ɗin ya koma wani, kamar anatomi ko fisiyoloji a matsayin digiri mai zaman kansa. Likitoci da yawa da kake gani a asibiti sun taɓa sake rubuta wani darasi.

Kafin babbar jarrabawa akwai ƙananan gwaje-gwaje da ake tara makinsu, kuma su ne ke nuna maka inda ka dosa. Idan ka ga biyu a jere sun yi ƙasa da 50, kada ka ɓoye. Kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa kula da shi, ka je ka same shi da takardunka. Haka idan barci ya ƙaurace maka, ko ka daina jin daɗin komai na makonni, ka je asibitin makaranta ka faɗa. Gara iyayenka su ji labarin gwajin da ka faɗi daga bakinka a zangon farko, lokacin da akwai sauran abin yi.