Ragowar Sabulun Masana'antu a Cikin Ruwan da Aka Tace

Sau da yawa akan ɗauka cewa da zarar ƙazamin ruwan gari ya ratsa ta ma'aikatar tace ruwa, to an rabu da duk wata cutar da ke cikinsa. Amma binciken da aka yi a kan wani sinadarin wanki mai suna nonilfenol etoksilet, wanda masaƙu da majemu da masana'antun takarda suka daɗe suna amfani da shi, ya nuna cewa tacewar kanta tana iya haifar da abin da ya fi na farko illa.

Kowace ƙwayar wannan sinadari tana da ɓangare biyu, wato kai mai kama maiƙo da doguwar jela mai bin ruwa. A ma'aikatar tace ruwa, bakteriya kan riƙa gutsurar jelar kaɗan-kaɗan, amma kan sai ya gagare su. Idan ragowar ta kwanta cikin lakar da ake tarawa a tankunan da babu iskar oksijin, sai ta rikiɗe ta zama nonilfenol, wanda ya fi asalin sabulun guba, ga shi kuma ba ya saurin ruɓewa. A shekarar 1984 ne Walter Giger da abokan aikinsa a ƙasar Suwizalan suka bayyana yadda yake taruwa a cikin irin wannan laka. Sauransa kuwa yakan bi ruwan da aka tace zuwa koguna.

Babban abin damuwa shi ne, nonilfenol yana kwaikwayon istirojin, wato sinadarin da ke tafiyar da al'amuran haihuwa a jikin mace. A 1993, Susan Jobling da John Sumpter na Jami'ar Brunel a Ingila sun nuna cewa yana sa ƙwayoyin hantar kifi su samar da bitelojenin, furotin ɗin da macen kifi ke yin gwaiduwar ƙwai da shi. An kuma sami wannan furotin a jinin mazan kifaye da aka ajiye cikin keji a Kogin Aire da ke yankin Yorkshire, inda ruwan masana'antun wanke ulu ke kwarara. Sai dai bai kamata a ɗora wa nonilfenol laifin duka ba, domin daga baya an gano cewa a yawancin kogunan Ingila, istirojin da ke fita ta fitsarin mutane ya fi shi tasiri.

A 2003 Tarayyar Turai ta hana amfani da kayan wankin masana'antu da yawan waɗannan sinadarai a cikinsu ya kai kashi 0.1 cikin ɗari, dokar kuma ta fara aiki a 2005.