Hular Bakwaini da Farin Ƙyalle

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani ƙaramin aikin hannu da matan unguwanninmu za su iya yi, wato saƙa da ɗinka kaya domin jariran da aka haifa watanninsu ba su cika ba, da kuma iyayen da jaririnsu ya koma.

Duk wanda ke zaune a Sharada da Ja'en, ko Challawa da Panshekara, ko Dakata da Kawaji kusa da Bompai, ya san yadda yawancin gidaje suke. Maigida leburan kamfani ne, ko mai gadi, ko direba. Wani yana jiran albashin ƙarshen wata, wani kuma sai ya fita da asuba ko za a ɗauke shi aikin yini. Idan mace ta sami ciki, a hankali ake tara kayan haihuwa, yawanci sai wata na takwas ko na tara. Wasu ma suna ganin sayen kayan jariri da wuri riga malam masallaci ne. To, idan naƙuda ta zo a wata na bakwai, babu komai a hannu. Ko an ruga kasuwar Sabon Gari, kayan da ke can na jaririn da ya cika wata tara ne. Idan aka sa wa bakwaini irin wannan hula, har haɓarsa za ta rufe.

Wane ne bakwaini?

Mu a Hausa, jaririn da ya zo a wata na bakwai muke kira bakwaini. Ma'aikatan lafiya kuwa da mako suke ƙirge. Cikakken ciki kusan mako 40 ne, kuma duk jaririn da aka haifa kafin cikar mako 37 bai isa haihuwa ba. Yawancinsu nauyinsu bai kai kilo biyu da rabi ba, wasu ma ba su kai kilo ɗaya da rabi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a duniya, wato kusan ɗaya cikin kowane goma, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma baki ba ne. Tagwaye, hawan jini, zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtuka suna iya jawo shi, sau da yawa kuma yakan zo haka kawai.

Sanyi a Kano?

Wani zai ce, "Wane sanyi kuma a garin da muke kwana muna gumi?" Jikin bakwaini dabam yake da namu. Fatarsa siririya ce, ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, kuma ba ya iya rawar ɗari kamar babba. Kansa kuwa babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukan fatarsa a kai yake, saboda haka ɗumi mai yawa ta nan yake fita. Ɗumin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Idan ya sauka ƙasa da haka, sai jaririn ya ƙone ɗan ƙarfin da yake da shi wajen neman ɗumi. Daga nan tsotso ya ragu, numfashi ya yi wuya, cuta kuma ta sami hanyar shiga.

Ɗakin da ya dace da jariri bai kamata sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 25 ba. A watannin Disamba da Janairu kuwa, lokacin hunturu, daren Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ko a damina, ɗakin da ke yoyo ko fanka mai ƙarfi sun isa su sanyaya bakwaini. Wasu iyaye sukan shigar da kaskon garwashi su kulle ƙofa da taga. Muna roƙo a daina wannan, domin garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani, ba a kuma jin warinta.

Ƙirjin uwa ya fi kwalba samuwa

A manyan asibitocin Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, akwai ɗakin kula da jarirai inda ake sa bakwaini a kwalba. Amma kwalba tana bukatar wutar lantarki, kuma sau da yawa ba a samun wadda za ta ishi kowa. Wannan matsala ce ta sa a shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya fara sa uwaye su riƙa ɗora jariransu a ƙirji, fata da fata. Aka sa wa hanyar sunan kangaru, wata dabba ta Ostireliya da ke rainon ɗanta a cikin aljihun cikinta. Mu goyon ƙirji muke ce masa. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a Najeriya (a Ile-Ife), Ghana, Indiya, Malawi da Tanzaniya, ya nuna cewa fara goyon ƙirji nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yinsa awa 8 zuwa 24 kowace rana.

Ga yadda ake yi. Ana tuɓe jariri, a bar masa kunzugu, hula da safa kaɗai. Sai a miƙar da shi a tsakanin nonon uwa, a juya kansa gefe ɗaya domin numfashi, a ɗaure shi da zane wanda bakinsa na sama zai tsaya daidai ƙasan kunnensa. Idan uwa ta gaji ko za ta kewaya, baba ko kaka ko goggo su karɓa.

Ku lura da abin da ya rage a waje: kai da ƙafafu. A nan aikin masu saƙa ya shigo. Hula ba ta maye gurbin ƙirjin uwa, ko nono, ko likita. Taimako ce kawai, amma taimakon da ke toshe ƙofar da ɗumi ya fi fita.

Abin da za a saƙa da abin da za a ɗinka

Mu ma sai da muka yi kuskure kafin muka koya. Kayan farko da muka kai wani asibiti, an ƙawata su da tuntu da igiyar ɗaurewa da maɓallai. Ma'aikaciyar jinya ta yi mana godiya, sannan ta ware fiye da rabi ta maido mana. Mun ji kunya a ranar, amma gaskiyarta. Ga abin da muka koya:

1. Hula. A yi ta girma uku: inci 10, inci 12 da inci 13 a kewaye. Wadda ba ta da awo ta gwada ƙaramar a kan babban lemon zaƙi. Saƙar kibiya ta fi ta kwarashi miƙewa, amma dukansu suna yi idan saƙar ba ta yi tauri ba. Kada a sa igiya, tuntu ko dutsen ado.

2. Safa. A yi ta da ɗan tsawo, bakinta kuma kada ya matse ƙafa. A duba ciki a yanke duk wani silin zare, domin yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu.

3. Riga. A ɗinka ta da yadin auduga mai laushi, a buɗe ta gaba, domin fatar jariri ta taɓa ta uwa, ma'aikata kuma su iya duba shi ba tare da wahala ba. A juya ɗinkin ya koma waje. Ban da zif, ban da maɓalli.

4. Zanen goyon ƙirji. Tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta fi sabuwa laushi. Yadi biyu ya isa, a kalmashe bakin.

5. Ƙaramin bargo. A yi saƙa mai haɗewa, wadda ba ta da manyan ramuka da yatsa zai maƙale.

A zaɓi zaren ulu mai laushi wanda ba ya zubar da gashi, kuma yana jure wanki. A lokacin zafi, wato Maris zuwa Mayu, zaren auduga ya fi, domin zafi ma yana cutar da jariri. Idan an gama, a wanke da sabulu marar ƙamshi, a shanya a rana, a goge da dutsen guga abin da ke goguwa, a sa kowane a leda mai tsabta, a rubuta girmansa. Kada a turara kayan da turaren wuta.

Ina za a sami kayan aiki?

Kano garin tufafi ne tun kaka da kakanni, kuma masaƙun Bompai, Sharada da Challawa sun ciyar da gidaje masu yawa. Daga ƙarshen shekarun 1990, rashin wuta da shigowar yadi mai araha daga waje suka sa da yawansu suka rufe. Amma hannuwan da suka iya zare ba su mutu ba. A kowace ikkilisiya da kowace unguwa akwai tsohon ma'aikacin masaƙa, akwai tela, akwai matar da ke da keken ɗinki a ɗaka. Teloli suna zubar da ƙyalle kullum, 'yan kasuwar Kantin Kwari kuma sukan rage guntayen yadi. Idan aka yi musu bayani, da wuya su hana.

Gargaɗi ɗaya: kada a tsinci ƙyalle daga bola ko bayan kamfani. Majemun fata da wuraren rini suna aiki da sinadarai masu ƙarfi. Haka kuma kada a wanke kayan da ruwan rafin Salanta ko na Getsi, domin ruwan masana'antu yana gangarawa cikinsu.

Idan jariri ya koma

Ba kowane bakwaini ne ke rayuwa ba, wasu kuma sukan zo babu rai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 jarirai kusan miliyan 1.9 aka haifa babu rai. A wajenmu irin wannan rashi ba a cika yin maganarsa ba. Ba a yi suna ba, ba a zaman makoki, uwa kuma ana sa ran ta yi kara, balle idan ɗan fari ne. Ga nono yana zuba, ga wankan jego, ga hannu babu kowa. Wadda abin ya maimaita mata har sunan wabi ake laƙaba mata, wanda ba ya ƙara mata komai sai ciwo.

Mun taɓa ganin uban da aka miƙa wa gawar ɗansa a cikin tsumman da aka goge jini, domin babu wani abu a kusa. Ya cire rigarsa ta aiki ya naɗe shi. Tun daga ranar muka ƙara farin ƙyalle a cikin kayanmu. Yadi ɗaya na alawayyo, wankakke, gogagge, babu ado, babu rubutu, babu wata alama. Mun bar shi haka domin ya yi wa kowa amfani. Maƙwabtanmu Musulmi suna da ƙa'idodin wanka, likkafani da salla, kuma malamansu ne masu faɗa, amma ko jaririn da bai yi kuka ba akan naɗe shi a ƙyalle a binne shi. Iyalin Kirista kuma wani lokaci sukan so 'yar farar riga da hula. A tanadi duka biyun, a bar iyaye su zaɓa. A Ingila da Amurka akwai matan da ke farke rigunan aurensu su ɗinka irin waɗannan riguna. Mu farin yadi ya wadatar.

Wata uwar takan so ta riƙe hular da ɗanta ya sa. Idan ta nema a ba ta, idan ba ta so kada a matsa mata. Wajen gaisuwa kuma a kiyaye harshe. Kada a ce, "Ai ke yarinya ce, za ki sake wani," ko "Gara da ba ku saba ba." A ce, "Sannu. Allah ya ba da haƙuri." A zauna da ita, a ɗebo mata ruwa, a kula da sauran yara. Kada kuma a manta da maigidan, wanda sau da yawa washegari zai koma aiki domin kada a yanke masa kuɗin yini.

Yadda za a fara

Mata biyar sun isa. Zumuntar mata ko ƙungiyar adashe za ta iya ware awa biyu a mako. Kafin a kama saƙa, mutum biyu su je asibitin da ya fi kusa su ga shugabar ma'aikatan jinya, su tambaye ta abin da ake bukata da abin da ba a karɓa. Ta hannunta kayan za su bi, kyauta, ga kowa, ba tare da tambayar addini ko ƙabila ba. Ba a shiga ɗakin jarirai don kallo, ba a kuma ɗaukar hoto. A tuna da ungozomomin unguwa, domin haihuwa da yawa a gida ake yi. A bar musu hula biyu ko uku, tare da saƙon cewa a tsane jariri a ɗora shi a ƙirjin uwa, a jinkirta wanka aƙalla kwana ɗaya, kuma kowane bakwaini a kai shi asibiti. Idan ya ƙi tsotso, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko ya yi jijjiga, kada a jira gari ya waye.

A Littafin Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta rasu, rigunan da ta ɗinka ne gwauraye suka riƙa nunawa. Wadda ta iya kibiya za ta gama hular bakwaini a yamma ɗaya, da ragowar zaren da bai isa komai ba. Wadda ba ta iya ba ta zo a koya mata, ko ta yi wanki da guga. Maza kuma su nemo ƙyalle da zare. Kada mu jira sai hunturu ya kama, mu fara tarawa tun yanzu.

Allah ya raya mana jariranmu, ya ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu. Amin.