AZARORI: GYARAN SHINGE A BAKIN HANYA

Damina ta wuce, an kwashe hatsi. Yanzu a ƙasar Azarori, cikin gundumar Madawa, lokacin gyaran shinge ne, domin masu lambu suna son tare dabbobi. Manomi ya ɗauki adda da gatari, ya sassare aguwa da magarya, ya zubar da rassan bisa hanya, ya koma gida da niyyar kwashewa gobe.

To amma tun da asuba mata ke bin hanyar zuwa rijiya. Mace mai tulu a kai ba ta duban ƙasa. Bayan su ga ƴan lakwal, wasu ba takalmi. Ƙayar magarya tana da ƙugiya. In ta shiga ƙafa, raunin ƙarami ne, amma ta nan cutar da likitoci ke kira tetanos take iya shiga jiki, kuma tana kisa. Nonon aguwa ma ba ya son ido.

Saboda haka mai hankali yakan bari sai hantsi, masu ɗiban ruwa sun wuce. Yakan sa yaro ya tsaya a hanya yana tsaida mutane. Reshen da ya sare duka, cikin gona yake jefa shi, kuma ba ya tashi sai ya share wurin.

Sai zancen izni. Aguwar da mutum ya dasa da hannunsa tasa ce. Amma in akwai gawo ko aduwa cikin shingen, dokar daji ta shekarar 2004 ta shafe su. A fara zuwa wurin ma'aikacin gandun daji kafin a sa gatari. Tafiyar ta fi tara arha.

Wani kuma, in ya zo gyara, sai ya tura shingen taki ɗaya cikin hanya. Bana taki ɗaya, baɗi taki ɗaya, har jaki da kaya ya kasa wucewa. In burtali ne, daga nan rigimar manomi da makiyayi ke tashi. Dokar kiwo ta 2010 ta hana toshe burtali. Wanda yake shakkar iyakarsa ya nemi maigari da kwamitin filaye, wato Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa, su zo su nuna masa a gaban maƙwabta.

Mutanen Majiya, a ƙasar Buza, sun daɗe da sanin wannan tsari. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a can don tare iska. Da itatuwan suka girma, ba kowa ne ya tashi da gatarinsa ba. Ƴan gari suka shirya da ma'aikatan gandun daji, aka sare rassan, aka bar gindi ya sake toho.