Tangaran: Rarrabe Aya da Tsakuwa

Da wuya a shiga ɗakin amarya a rasa farantan tangaran a cikin jere. Bahaushe ya san halinsa, shi ya sa ya laƙaba masa faɗi-ka-mutu. Amma da an tambayi abin da ake yin sa da shi, sai kowa ya kawo nasa labarin.

"Da ƙashin mutane ake yin sa."
Ƙarya ne. Tangaran na asali haɗin abu uku ne daga ƙasa: farar laka da ake kira kawolin, da dutsen felsifa, da garin dutsen ƙanƙara. Kawolin ta samo sunanta daga Gaoling, wani ƙauye kusa da birnin Jingdezhen na ƙasar Sin, kuma akwai irinta a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Sai dai jita-jitar tana da tushe. A shekarun 1790 Josiah Spode na Ingila ya inganta wani nau'i da ake zuba wa tokar ƙashi, har kusan rabin haɗin. Ƙashin dabbobi ne, yawanci na shanu, kuma akan rubuta Bone China a gindin irin wannan kwano. Mai shakka sai ya kife ya duba.

"Da ɓawon ƙwai da wuri ake kwaɓa shi, a binne shekaru aru-aru."
Wannan tatsuniyar Turawan dā ce, lokacin da sirrin ya gagare su. Santsin tangaran ya yi musu kama da na wuri, har sunansa a harsunansu daga kalmar wuri ta Italiyanci ya fito. Sai a 1708 Johann Böttger da Ehrenfried von Tschirnhaus suka gano haɗin a Dresden ta Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710, ɗaruruwan shekaru bayan mutanen Sin sun ƙware.

"Yana tona asirin guba."
Sarakunan Gabas ta Tsakiya sun yarda cewa koren kwanon Sin yakan canja launi ko ya tsage idan aka sa wa abinci guba, kuma har yau akwai tarin irinsa a fadar Topkapi ta Istanbul. Babu gaskiya a ciki. Darajar tangaran ita ce bai damu da abin da aka zuba masa ba, zuma ko guba.

"Ya fi wuƙa tauri."
Gaskiya ne, kuma a wuta sirrin yake. Ana gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,200 zuwa 1,400. A nan felsifa ke narkewa ta zama gilashi ta toshe kowace kafa, kawolin ta rikiɗe zuwa siraran ƙwayoyi masu kama da allura da ake kira malait, dutsen ƙanƙara kuma ya riƙe siffar. Shi ya sa ba ya tsotsar ruwa kamar randa, haske na ratsa shi inda ba shi da kauri, kuma in an ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ana iya wasa wuƙa a zoben gindin kofi inda babu sheƙi. Baƙin zanen da ake gani a tsohon faranti ma cokali ne ya goge a jikinsa. Amma tauri daban, juriya daban: tangaran ba ya lanƙwasa, don haka ƙaramar tsaga kan ratsa shi gaba ɗaya. Wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, dalilin da ya sa ake ɗora wayoyi a kansa a bisa turaku.

"Akwai dalma a cikinsa."
Rabi gaskiya. Jikin tangaran ba ya buƙatar dalma, amma akan same ta a fentin ado da ake shafawa bisa sheƙin, musamman a tsofaffin kaya. Abu mai tsami, kamar tsamiya ko lemon tsami, yana iya jawo ta cikin abinci. Farantin da zanensa ya fara kankarewa a bar shi a jere. Mai bakin zinare kuma kada a sa shi a maikirowef, tartsatsi yake yi.

Mai neman abin tsoro a tangaran ya bar zancen ƙashi, ya duba fenti. Sauran ƙasa ce da dutse, waɗanda wuta ta haɗa.