Yadda maganin kashe ƙwayoyin cuta yake aiki

A kasuwannin Tanut, Belbeji da Bakin Birji ana sayar da kafso ja da rawaya a kan tire. Mutane da yawa suna saye don kowace irin rashin lafiya. Maganin yana da amfani, amma sai an san aikinsa.

Mene ne ƙwayoyin cuta?

Waɗansu halittu ne ƙanana ƙwarai. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Ana kiran su bakteriya. Su ne ke kawo tarin fuka, sanƙarau, ciwon huhu da ruɓewar gyambo. Idan sun sami wuri mai daɗi, ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa ta zama biyu cikin minti 20. Shi ya sa ciwo ke yin tsanani da sauri.

Yadda magani ke kashe su

A shekara ta 1928 wani likita ɗan Scotland mai suna Alexander Fleming ya gano penisilin a birnin Landan. Daga baya aka sami waɗansu magunguna irinsa.

Ƙwayar cuta kamar salka take cike da ruwa. Tana da fata mai ƙarfi da ke tsare ta. Penisilin da amoksisilin suna hana ta gina wannan fata. Sai ta fashe, ta mutu. Tetarasikilin kuwa yana hana ta haɗa abin da take girma da shi. Ba ta ƙara yawa, sai jikin mutum ya ƙarasa ta.

Abubuwan da ke rage ƙarfin magani

Na ɗaya, cutar da ba tasa ba. Mura da ƙyanda wata irin ƙwaya ce ke kawo su, ana ce mata birus. Wannan magani ba ya taɓa ta. Wanda ya sha shi don mura ya yi asarar kuɗinsa.

Na biyu, yanke magani. Manomin da ya nome rabin gonarsa ya tafi gida, haki zai sake cinye geron. Haka ma wanda ya sha magani kwana 2 ya bari don ya ji sauƙi. Ƙwayoyi masu rauni sun mutu, masu taurin kai sun rage. Su za su hayayyafa, kuma watarana maganin ba zai ci su ba. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha, ba a tsallake rana.

Na uku, abinci. Damargu ƙasar fura da nono ce. To, nono yana kama tetarasikilin a ciki, ya hana shi shiga jini. A sha shi da ruwa, a jira awa 2 kafin a sha nono. Mace mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba, ba a ba su shi, don yana ɓata haƙora.

Na huɗu, ajiya. Zafin rana yana lalata magani. Wanda ya wuni a kan tire ba a san ƙarfin da ya rage masa ba.

Ga makiyaya

Dabbar da aka yi wa allurar irin wannan magani, nononta da namanta suna ɗauke da saura na ƴan kwanaki. A tambayi malamin dabbobi ranar da za a koma tatsa.

Abin da za a riƙe

Maras lafiya ya je gidan likita mafi kusa. A sha magani yadda likita ya faɗa, a kan lokaci, har kwanakin su cika. Kada a raba shi da maƙwabci. Idan kwana 3 sun wuce ba sauƙi, ko ƙuraje suka fito, a koma wurin likita nan da nan.